Kwana Nawa Ya Kamata Mai Fara Gudu Ya Fita A Mako?



Abin farin ciki ne ƙwarai da gaske yadda matasa da magidanta suka fara farga da haƙƙin da jikinsu yake da shi a kansu, ta yadda a yau ba abin mamaki ba ne a ga 'yan'uwa sun fito bayan sallar Asuba suna sassarfa a gefen titi ko a filayen makarantu. Zaman ofis da na shago, da hawan babur ko mota ko da kuwa zuwa bakin layi ne, suna daga cikin abubuwan da suka mayar da ƙiba da hawan jini da ciwon suga ruwan dare a biranenmu, sabili da haka duk wanda ya tashi tsaye don ya kare lafiyarsa ya cancanci a ƙarfafa masa gwiwa. Sai dai abin takaici shi ne da yawa daga masu ɗaukar wannan himma ba sa kai wata guda. Mutum zai ƙudurta cewa kullum sai ya fita, ya jera kwana goma ko sha biyu yana gudu, sannan gwiwa ko ƙwauri su kama shi, ruku'u da sujada su zamar masa aiki, ya jefa takalminsa ƙarƙashin gado yana cewa gudu bai karɓe shi ba. Alhali kuwa gaggawarsa ce ta kayar da shi.

Ra'ayinmu a kan wannan mas'ala shi ne kwana uku a mako sun ishi mai farawa, bisa sharaɗin kada ya jera su, wato ya bar aƙalla yini guda na hutu tsakanin kowace fita da mai bi mata. Ga hujjojinmu.

Hujja ta farko ita ce sassan jikin ɗan Adam ba sa sabawa da wahala a lokaci guda. Zuciya da huhu suna da saurin sabo, cikin 'yan makonni mutum zai ji haki ya ragu, numfashinsa ya faɗaɗa. Amma ƙashi da jijiyoyin da suke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara, sai sun ɗauki watanni kafin su yi ƙwari. Kuma su ne suke shan dukan, domin duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa tana karɓar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Mai nauyin kilo 70 ke nan yana sauke wa ƙafa guda abin da ya kai kilo 140 ko fiye, kuma a gudun rabin sa'a zai yi taku sama da 4,000. A nan tarkon yake: ƙirji yana gaya wa mutum ya ƙara, alhali ƙafa ba ta shirya ba tukuna. Daga nan ne ciwon ƙwauri da kumburin agara da ciwon gwiwa suke samun ƙofa, wani lokaci har da tsagewar ƙashi.

Hujja ta biyu ita ce a lokacin hutu ne ƙarfi yake ginuwa. Gudu yana haifar da ƙananan raunuka a tsoka da ƙashi waɗanda ido ba ya gani, sai jiki ya yi amfani da barci da abinci da hutu ya gyara su, ya kuma ƙara musu ƙwari fiye da da. Shi ƙashi ma tsarinsa shi ne sai an fara rushe ɓangaren da ya gaji kafin a gina sabo, saboda haka akwai ɗan lokacin da yake da rauni fiye da yadda yake tun farko. Wanda ya koma gudu kafin gyaran ya kammala, kamar magini ne da ya aza sabon sahu a kan ginin ƙasar da bai sha iska ba. Bill Bowerman, mai horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon ta Amurka, wanda yana cikin waɗanda suka yaɗa sassarfa a tsakanin jama'ar ƙasar a shekarun 1960, ya shahara da ƙa'idar bin ranar wahala da ranar sauƙi, kuma da gwanaye yake aiki. To idan gwani yana bukatar sassauci, ina ga ɗan koyo?

Hujja ta uku ita ce abin da aka jarraba aka gani. Shirin nan mai suna Couch to 5K, wanda Josh Clark ya tsara a 1996, wanda kuma hukumar NHS mai kula da lafiya a Birtaniya take kwaɗaitar da jama'a a kansa, an gina shi ne a kan fita uku a mako na tsawon mako 9, har mutum ya kai ga yin gudun minti 30 ba tsayawa. A makon farko abin da ake nema shi ne tafiyar minti 5 don ɗumama jiki, sannan gudun sakan 60 da tafiyar sakan 90, ana maimaitawa har tsawon minti 20. Wani zai raina wannan, amma ya kamata ya san cewa a wani bincike da aka buga a 2008, wanda aka yi a birnin Groningen na ƙasar Holan a kan masu fara gudu 532, kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar ya ji ciwo, duk da cewa suna bin tsararren shiri ne. Idan haka lamarin yake ga mai bin tsari, to me ake zato ga wanda yake fita kullum ba tare da lissafi ba?

Mai yiwuwa wani ya ce: ashe kwana uku ba su yi kaɗan ba? Sai mu ce masa, ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun nemi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko kuma minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, shi kuwa gudu yana cikin mai tsanani. Wanda ya kai ga yin minti 25 zuwa 30 sau uku a mako ya riga ya cika mafi ƙarancin abin da ake nema. Haka kuma wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2014, wanda ya bi diddigin mutane sama da 55,000 na kimanin shekara 15, ya gano cewa haɗarin mutuwa ta sanadin ciwon zuciya ya ragu da kashi 45 cikin ɗari a tsakanin masu gudu idan aka kwatanta su da waɗanda ba sa yi, kuma an ga wannan fa'ida hatta ga masu gudun ƙasa da sa'a guda a mako. Ajali dai yana hannun Allah, amma riƙo da sababi wajibi ne, kuma ga shi sababin bai da tsada.

Wani kuma zai kafa hujja da sojoji da 'yan wasa masu fita kusan kullum, ko da manoma da makiyaya da suke yini a kan ƙafafunsu. Wannan ƙiyasi ne da bai inganta ba. Ɗan wasa ya shekara da shekaru yana gina jikinsa kafin ya kai wannan matsayi, makiyayi kuwa tun yana yaro ƙashinsa ya saba da tafiya, sannan tafiya daban take da gudu wajen nauyin da take ɗora wa gaɓoɓi. Hatta a barikokin horar da sababbin sojoji, tsagewar ƙashin ƙafa sananniyar matsala ce a wurin likitoci, kuma dalilinta shi ne ɗora wa jiki nauyi farat ɗaya.

Kamar yadda muke tsoratarwa daga wuce gona da iri, haka muke tsoratarwa daga gazawa. Wanda yake tara gudun mako duka ya sauke shi a safiyar Lahadi guda, ya ɗora wa ƙafarsa kaya mai yawa a zama ɗaya, sannan tazarar kwana shida tana sa jiki ya yi jinkirin sabawa, al'adar fita kuma ta ƙi kama shi. Wanda uzuri ya hana shi uku, to ya riƙe biyu, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Wannan tsakaitawa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA) ya so ya riƙa azumi kullum, sai Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da na iyalinsa, kuma iyakar abin da ya yarje masa shi ne azumin Annabi Dawuda (AS), wato yini guda azumi yini guda hutu. Da tsufa ya zo masa, sai ya riƙa burin ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa tun farko. Ba muna daidaita gudu da ibada ba ne, darasin da muke ɗauka shi ne idan an hana tsanantawa a abin da yake kusanci ne ga Allah, to hana ta a abin da yake hanya ce kawai ta kiyaye lafiya ya fi cancanta. Aiki kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa da yake yankewa.

Ga mai neman tsari a aikace, muna ba da shawarar Lahadi da Talata da Juma'a, domin hakan ya bar hutu tsakanin kowace fita, ya kuma bar Litinin da Alhamis ga masu azumin nafila. Ya fara da haɗa gudu da tafiya kamar yadda ya gabata, kuma ma'aunin saurinsa shi ne ya iya yin magana da abokin tafiyarsa ba tare da numfashi ya yanke masa ba. Ranakun hutu ba na kwanciya ba ne: ya taka da ƙafa zuwa masallaci ko kasuwa, ya kuma ware kwana biyu ya yi atisayen ƙarfafa tsoka, kamar tsugunawa da miƙewa, wanda shi ma yana cikin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya nemi takalmin kambas mai laushin ƙasa wanda ya yi masa daidai, ya bar silifa a gida. Kada ya yi tunanin ƙara kwana na huɗu sai ya shafe watanni yana kammala ukun nan ba tare da ciwo ba, kuma in zai ƙara, ya ƙara abu guda a lokaci guda: ko kwana, ko nisa, ko sauri.

Wajibi ne kuma ya bambance tsamin jiki da ciwo. Tsami yakan zo bayan kwana ɗaya ko biyu ya wuce da kansa. Amma ciwon da ya tsaya a wuri guda a kan ƙashi, ko yake ƙaruwa yayin gudu, ko ya sa ɗingishi, alama ce ta a dakata. Ciwon ƙirji da jiri da suma kuwa sai asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, da wanda shekaru suka fara ja kuma ya daɗe bai motsa jiki ba, su fara ganin likita kafin su ɗaura takalmi. A lokacin bazara a fita da sanyin safiya a kuma yawaita shan ruwa, a ranakun da ƙurar hunturu ta yi kauri masu asma su yi hattara, a watan Ramadan kuma a rage tsawon gudun a mayar da shi bayan buɗa-baki. Wannan ƙa'ida ta kwana uku ta haɗa maza da mata, kowa da kiyaye suturarsa da zaɓen wurin da ya dace da shi.

Ya ku 'yan'uwa, abin da ake nema shi ne a wayi gari bayan shekara goma mutum yana nan yana fita, gwiwarsa lafiya, yana tsayuwa a sahu, yana neman abin da zai ciyar da iyalinsa. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa. Sabili da haka muna kira ga shugabannin matasa da masu shirya atisayen haɗin gwiwa a unguwanni da su ware rukuni na musamman ga sababbin shiga, su daina auna himmar mutum da yawan kwanakin fitarsa, kuma kada a kunyata wanda ya tsaya ya taka a hankali. Wanda ya fara a wannan mako, ya rubuta kwanakinsa uku ya riƙe su da kyau.

Allah Ya ƙara mana lafiya mai amfani, Ya sa mu yi aiki da ita a abin da Ya yarda da shi. Amin.