Titi Na Mutane Ne, Ba Na Masu Mota Kaɗai Ba

Tun ranar 1 ga Oktoba 1996, da aka yanke Zamfara daga Jihar Sakkwato, Gusau ba ta daina faɗi ba. Gonakin jiya sun zama fulotai, gine-gine kuwa sun miƙa ta hanyar Zariya wajen Tsafe, da ta hanyar Sakkwato wajen Bunguɗu. Kafa Jami'ar Tarayya a 2013 ya ƙara wa kasuwar filaye zafi. Amma a shiga sabuwar unguwa a duba: katanga na cizon katanga, kwalta in an samu ta mota ce, mai ƙafa kuwa sai ya raɓa bakin lambatu kamar ɓarawo.

Su wa aka manta da su? Ɗan makaranta, da ɗan garuwa mai tura kura, da tsohuwa mai zuwa asibiti, da gurgu a kan kekensa, da leburan da ya ɗora bulon gidan da hannunsa. Su ne mafi rinjaye. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, ƙaramin ma'aikaci ma ya shiga sahunsu, domin kuɗin kabu-kabu na neman cinye albashi.

Wannan cuta gadon mulkin mallaka ce. Bature ya keɓe wa kansa unguwa mai faɗin tituna nesa da talakawa, manyanmu suka gaji unguwar, suka gaji tunanin. Alhali kakanninmu sun gina garuruwa masu lunguna da ke sada gida da masallaci da kasuwa. Yau mai fili yakan toshe lungu domin ya fitar da ƙarin fuloti ɗaya, sai tafiyar da ba ta kai komai ba ta koma dogon zagaye ta bakin babban titi, inda tireloli ke wucewa.

Masu cewa hanyar keke almubazzaranci ce su dubi ƙasar Holan. A 1971 motoci sun kashe yara fiye da 400 a can. Iyaye suka fito zanga-zanga, tsadar mai ta 1973 ta biyo baya, hukuma ta sake tsarin titunanta. Ba talauci ne ya mai da su kan keke ba, hankali ne. Mu ma ba sai mun yi aro ba. Jihar da ta ƙaddamar da Shari'a a 1999 ta san cewa hanya tana da haƙƙi a Musulunci, har ma hadisi ya ƙayyade faɗinta da zira'i bakwai idan aka yi saɓani a kai.

Ba a rasa iko ba. Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna bisa amana, dokar tsara birane ta 1992 kuma ta wajabta neman izini kafin gini. Saboda haka muna kira da a gindaya sharuɗɗa uku. Kada a amince da taswirar sabuwar unguwa sai da hanyar ƙafa a gefe biyu na titi, an rufe lambatunta. A keɓe wa keke layinsa a duk titin da ke zuwa makaranta ko kasuwa. A bar lungu mai ɓullewa tsakanin rukunin gidaje, wanda ya toshe shi kuwa a rushe katangarsa, ko ɗan wane ne.

Tsafe da Bunguɗu su ɗauki darasi tun da sauran fili, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Barin zira'i kaɗan lokacin awo ba ya cin kwabo. Ƙwato shi bayan an zuba kankare sai diyya da shari'a.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, gobe fayil ɗin nan kan teburinku zai sauka. Kafin ku sa hannu, ku nemi inda yaro zai bi ya je makaranta. In babu, ku mayar da fayil ɗin inda ya fito.