Ɗumi Ba A Kauri Yake Ba

Jama'a, in aka ce wa mutum zai yi tafiyar ƙasa a kan duwatsu cikin ƙanƙara, aka ajiye masa riguna biyu ya zaɓi wadda zai sa a jikin fatarsa, ɗaya ta auduga mai kauri, ɗaya kuwa singileti mai huji-huji kamar ragar masunta, na tabbata mai kaurin zai ɗauka. Ni kuwa a ganina ya yi kuskure, kuskuren da zai iya jawo masa asarar rai.

Mutanen ƙasar Norwe, can arewacin Turai, sun daɗe da gane wannan. A shekarar 1933 wani hafsan sojansu mai suna Henrik Brun ya haɗa singileti da tsohuwar ragar kamun kifi, kuma har yau kamfanin Brynje na garin Larvik yana yin irinta. A 1953, lokacin da Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka zama na farko da suka kai ƙololuwar Dutsen Everest, irin wannan singileti tana cikin kayan ayarinsu.

To, yaya riga mai huji za ta hana jin sanyi? Da farko mu sani tufa ba ta haifar da zafi. Jiki ne yake haifar da shi, aikin tufa kawai ta tsare shi. Abin da ya fi iya tsare shi kuwa ita ce iskar da ke tsaye wuri ɗaya. Ku dubi kaza da sanyin safiyar hunturu, yadda takan kumbura gashinta. Iska take tarawa a tsakaninsa. Haka ragar take: kowane huji ɗan ɗaki ne cike da iska, rigar da aka ɗora a kai ita ce rufinsa.

Na biyu kuma shi ne gumi. Mai hawan dutse yakan yi zufa ko da ƙanƙara na zuba. Auduga sai ta shanye zufar ta manne a jiki, alhali ruwa ya fi iska saurin kwashe zafi wajen sau 25. Kowa ya san yadda randa take sanyaya ruwa saboda laimar da ke bushewa a bayanta. To, da zarar matafiyi ya tsaya hutawa cikin jiƙaƙƙiyar riga, ya zama randa. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari, sai makyarkyata, sai ruɗewa, in ba a yi sauri ba sai mutuwa. Ita kuwa raga zarenta kaɗan ne ke taɓa fata, ba ta riƙe ruwa da yawa, tururin gumi sai ya bi hujin ya wuce.

Wani zai ce, ai iska na kaɗawa za ta shige ta hujin. Gaskiya ne, raga ita kaɗai ba ta da amfani. Dole a ɗora mata rigar ulu mai kama jiki, sannan babbar riga mai tare iska. Amma nan ma akwai riba, domin in zafi ya yi wa matafiyi yawa, sai ya buɗe ta saman, ya sha iska, ya rufe kafin gumi ya jiƙa shi.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, watakila wata rana karatu ya kai waninmu ƙasar sanyi. Ku kuma iyayenmu, ku ne za ku haɗa masa kaya. Kada a auna riga da nauyinta, a tambaya tukuna: tana tsare iska? Tana barin jiki a bushe? Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.