Wasan mota a Zariya: A fara da duba taya, sannan a nemi fili

Wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kwangila, ta ratsa Samaru ta nufi Shika, musamman a ƙarshen mako lokacin bukukuwa, ba sai an ba shi labarin wasan mota ba. Ƙarar salansa ce ke fara isowa, sai ƙugin taya a kan kwalta, sai hayaƙi mai warin roba. Kafin a ankara yara sun yi da'ira suna sowa, direba yana juya mota kamar mai murza waina. Washegari abin da ke saura shi ne baƙin zane a kan titi.

Dattawa sun daɗe suna cewa a hana, matasa kuma ba su fasa ba. A tsakanin ɓangarorin biyu akwai abin da ba a cika magana a kansa ba, alhali shi ne ya fi kusa da rai, wato tayar da ake wannan wasa a kanta. Saurayi zai kashe kuɗi a kan wili mai ƙyalli, ya sauya salansa, ya sa fitilu masu launi da amsa-kuwwa, amma idan aka zo kan taya sai ya nufi Sabon Gari ya nemi mafi araha a cikin na gwanjo. Wannan lissafi a juye yake. Wanda ke son gwada ƙwarewarsa a tuƙi, taya ce abu na farko da ya kamata ya sani, fili na musamman kuma shi ne na biyu.

Dalili a fili yake. Komai ƙarfin inji, komai kyawun burki, wurin da mota ke taɓa ƙasa guda huɗu ne kawai, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta nan take tashi, ta nan take shan kwana, ta nan take tsayawa. Idan robar da ke wurin ta bushe ko ta cinye, sitiyari da burki sun zama ado.

Darasi daga masu wasan da tsari

A Amurka akwai gasar da ake kira otokuros, wadda ita ce ta fi kama da abin da matasan Zariya ke sha'awa. Ba tsere ba ne na motoci da yawa a jere. Ana samun fili mai kwalta ko siminti, kamar babban wurin ajiye motoci ko tsohon filin jirgi, a jera robobin alama masu tsini su zama hanya mai lanƙwasa. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, agogo yana ƙirga mata, kuma zagaye ɗaya kan ɗauki kusan minti ɗaya. A dokar ƙungiyar SCCA ta Amurka, wadda ke shirya gasarta ta ƙasa a birnin Lincoln na Jihar Nebraska, duk robar da direba ya ture ana ƙara masa daƙiƙa 2. Ana duba mota kafin ta shiga, direba kuma dole ya sa hular kwano.

Abin lura shi ne, da motocin hawa na yau da kullum ake yin wannan gasa, kuma babbar muhawarar masu yin ta a kan taya take. A rukunin motocin da ba a yi wa manyan sauye-sauye ba, doka ta ce a yi amfani da tayar da aka amince a hau titi da ita, wadda lambar jurewarta ba ta yi ƙasa da 200 ba. Ana rubuta wannan lamba a gefen tayoyi da yawa bayan kalmar Treadwear. Idan ta yi ƙasa, robar tana da laushi, tana kama ƙasa sosai, amma tana saurin cinyewa. Idan ta yi sama, kamar 400 zuwa 700 da ake gani a tayoyin motocin iyali, tayar tana daɗewa amma riƙonta a kwana bai kai na waccan ba. Shi ya sa kamfanoni suka fitar da tayoyi masu lamba 200 daidai, irin su Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052 da Falken Azenis RT660.

Mutanen nan sun gano abin da ya kamata kowane mai sha'awar tuƙi ya riƙe: a mota ɗaya, da direba ɗaya, sauya taya kan rage lokaci fiye da yawancin gyare-gyaren da ake yi wa inji. Ƙarar salansa ba ta ƙara wa mota riƙon ƙasa ko na taƙi ɗaya.

Tayar da ke kasuwar gida

Matsalar Zariya, kamar ta sauran garuruwan ƙasar nan, ta fara ne daga inda taya ke fitowa. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008. Tun daga lokacin aka dogara da na waje. Tayoyin da aka riga aka yi amfani da su suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma duk da haka sun cika kasuwanni, ana kiran su 'yan Baljiyam ko tokumbo.

Mai saye yakan duba zane kawai. Idan zanen yana da zurfi, sai a yi ciniki. Amma zane ba ya faɗin shekarun taya, ba ya kuma faɗin ƙasar da aka yi ta domin ta. Cikin tayoyin gwanjo akwai na hunturun Turai, waɗanda aka haɗa robarsu domin yanayin da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Ana gane su da hoton dutse mai kawuna uku da alamar ƙanƙara a ciki, da kuma ƙananan tsage-tsage masu yawa a kan zanen. A idon wanda bai sani ba, irin wannan taya ta fi kowacce kyau. A kan kwaltar Shika a watan Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40 kwalta kuma ta fi haka, robar na yin laushi fiye da kima, tana saurin cinyewa, tana kuma tsawaita nisan da mota ke yi kafin ta tsaya. Araha ba ta ado.

Abin da ke rubuce a gefen taya

Duk bayanin da mai saye ke buƙata yana jikin tayar, ba sai ya dogara da bakin mai sayarwa ba.

Na farko shi ne ranar haihuwarta. A ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta daɗe tana faɗakar da direbobi cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙera ta. Wasu kamfanonin taya suna ba da wa'adin da ya fi haka, amma kowa ya yarda cewa roba tana bushewa da shekaru ko da ba a hau ta ba, kuma zafin rana yana gaggauta bushewar. Ƙananan tsaga a gefen taya alama ce ta tsufa.

Na biyu shi ne girma da nauyi da gudu. A ɗauki misalin 205/55 R16 91V. Lambar 205 faɗin taya ce da milimita, 55 tsayin gefenta ne a matsayin kaso cikin ɗari na faɗin, 16 kuma girman wili ne da inci. Lambar 91 na nufin tayar za ta iya ɗaukar kilo 615, harafin V kuma na nufin an gwada ta har gudun kilomita 240 a awa. Harafin H na nufin 210, T kuma 190. Wannan iyakar sabuwar taya ce mai iska daidai, ba lasisin gudu ba ne, kuma tayar da ta tsufa ko aka yi mata faci ba ta da wannan ƙarfi.

Na uku shi ne jure zafi, wanda ake rubutawa da A ko B ko C bayan kalmar Temperature. A yanayi irin na Arewa, A ce ta fi dacewa, musamman ga motar da za a matsa wa.

Na huɗu shi ne zurfin zane. A cikin ramukan zanen akwai ƙananan tudu masu tsayin milimita 1.6. Idan zanen ya cinye ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Akwai kuma tayoyin da ke da kibiya mai nuna inda za su riƙa juyawa, ko rubutun Outside a gefen da ya kamata ya kalli waje. Idan aka ɗaura su a baibai, ba sa fitar da ruwa ko riƙe kwana yadda aka tsara su.

Sai batun iska. Yawan iskar da mota ke buƙata yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma a yawancin ƙananan motoci bai wuce 30 zuwa 35 a geji ba. Lambar da ke jikin taya iyaka ce ta ƙarshe, ba ita ake so a kai ba. Sau da yawa mai faci kan cika taya har 45 ko 50, wani lokaci da gejin da ya daina faɗin gaskiya, direba kuma ya ji daɗi wai ta yi tauri. Iska mai yawa tana rage wurin da taya ke taɓa ƙasa, iska kaɗan kuma tana sa gefenta ya riƙa lanƙwasawa yana ɗaukar zafi har ta fashe. Ana auna iska da safe ne kafin mota ta yi tafiya. Ƙaramin geji na aljihu bai kai kuɗin amsa-kuwwa ɗaya ba.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da 6 ga Maris, 2016, ranar da ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar baya ta motarsu ta fashe ana cikin gudu. Motar babba ce mai tsada, amma tsadarta ba ta tare komai ba.

Tayar gasa ma tana da nata aibi

Kuskure ne kuma a ɗauka cewa mafita ita ce kowa ya sayi taya mai lamba 200. An yi ta ne domin busasshen fili mai santsi. Ramukan zanenta kaɗan ne, don haka idan ruwa ya kwanta a kan titi a watan Agusta tana iya tashi a kan ruwan, sitiyari ya daina amsawa. Gefenta gajere ne mai tauri, rami ɗaya zai iya kumbura ta ko ya lanƙwasa wili. Ga tsada, ga saurin cinyewa. Wanda motarsa ita ce ta kai yara makaranta da zuwa kasuwa, tayar hawa mai kyau, sabuwa, mai girman da kamfanin motar ya tsara ita ce tasa. Masu gasa na gaskiya sukan ajiye wili jeri biyu, ɗaya na fili ɗaya na gari.

Masu juya mota kuma sukan ce da gangan suke sa tsofaffin tayoyi a baya domin motar ta fi zamewa. A cikin killataccen fili, wannan magana tana da kan gado. Haɗarin shi ne, da tayar da aka ƙona da yamma ake ɗaukar ƙawayen amarya da dare a nufi Giwa ko Funtuwa. Ƙa'idar da masana taya suka sani ita ce, idan biyu kawai za a sauya, sababbin a baya ake sa su, domin idan baya ta zame direba ba ya iya dawo da motar cikin sauƙi.

A ba wasan fili da doka

Wasu za su ce koya wa matasa zaɓen taya kamar ƙarfafa musu gwiwa ne a kan ganganci. Damuwarsu tana da tushe, domin titin jama'a ba wurin wasa ba ne, kuma wanda ya juya mota a tsakiyar masu talla da 'yan acaba da ɗalibai ya cancanci hukunci ko da tayarsa daga kamfani ta fito jiya. Sai dai shekarun da aka yi ana tsawa ba su kashe sha'awar ba. Zariya kuma ta san yadda ake ba wasa mai haɗari wuri da ƙa'ida, domin ga filin folo nan, ga hawan sallah da tsarinsa.

Garin yana da duk abin da ake buƙata. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, tana Zariya tun 1986. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana da malamai da ɗaliban injiniyanci. FRSC tana da jami'ai. Ƙananan hukumomin Sabon Gari da Giwa, waɗanda wannan hanya ta ratsa, za su iya haɗa kai da su a samar da fili mai shinge, ko da sau ɗaya a wata, a jera robobi, a kawo agogo, 'yan kallo su tsaya nesa. A bakin ƙofa a duba shekarun taya da zane da iska da burki, wanda tasa ta faɗi ya koma. Saurayin da aka mayar sau ɗaya a gaban abokansa saboda tayarsa ta 2016 ce zai koyi karanta DOT fiye da wanda aka yi wa lacca goma. Masu sayar da taya a Sabon Gari ma za su fara samun masu saye da ke tambayar shekara kafin farashi.

Kafin a kai ga hakan, akwai abin da kowane mai mota zai iya yi yau ba tare da jiran gwamnati ba: ya durƙusa ya karanta lambobi huɗun nan a tayoyinsa, har da ta safaya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika a bakin wannan hanya, kuma ma'aikatan sashen gaggawa suna da isasshen aiki ba sai an ƙara musu da wanda minti biyu na duba taya zai iya hanawa ba.