Kada Siminti Ya Cinye Barga Da Akurki

Jama'a mazauna Kurmi, musamman 'yan'uwanmu na Gombe da ke neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal, yau magana a kan kuɗin da kuke aikawa gida take. Galibi da mutum ya sami fili a unguwa kamar Manawashi, sai ya shafe shi kakaf da siminti, ya jera ɗakunan haya, ba ya barin ko wurin kafa turke. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gari yake ta cin gonaki, ruwan sama kuwa da ya rasa inda zai nutse sai ya bi kwari yana zaizaye ƙasa har da gidajen mutane. A ganinmu wannan ba dabara ba ce.

Iyayenmu ba haka suka yi ba. Gidan da ya amsa sunansa yana da barga da akurki da 'yar gona a bayansa, kowanne kuwa yana ciyar da ɗan'uwansa. Harawar wake da ta gyaɗa da dusar dawa su je wa doki. Kaji da zabi su bi kashinsa suna tonawa, su tsince tsutsar ƙuda da ƙwayar hatsin da ba ta narke ba. Abin da ya rage a tara shi da shara da toka har ya ruɓe, kafin damina a kai gona. Wannan tsari ne wasu mutanen Ostareliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka rubuta littafi a kansa a 1978, duniya ta ɗauka sabon ilmi ne, alhali kuwa tun kafin a haife su jakuna suke jigilar taki daga birnin Kano zuwa gonakin karkara.

Wani zai ce doki kayan sarauta ne, sai ranar hawan salla ake ganin amfaninsa, ga shi kuma da ci. Gaskiya ne ba kowa ne zai iya riƙe shi ba, wanda bai iya ba ya fara da kaji 10 da tunkiya. Amma wanda yake da hali ya tuna cewa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin sufuri ya hau, buhun takin zamani kuma ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, doki kuwa kullum yana zuba taki a gindin turkensa.

Sai dai a kiyaye abu uku. Kada a bar doki ya kai bakinsa ga abincin kajin gidan gona, domin akan sa wani magani a cikinsa wanda kaza take ci lafiya, amma kaɗan daga cikinsa yana iya kashe doki. Kada a zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, ƙona ta zai yi. Sa'an nan a yi wa kaji rigakafi kafin hunturu, lokacin da annoba take share akurki. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana yin maganin, sai a tambayi malamin dabbobi.

An yi shirin ciyar da ƙasa a 1976, an yi juyin noma a 1980, duk sun wuce, gidan da ya riƙe dabbarsa da gonarsa shi ne bai kwana da yunwa ba. Waɗanda rikicin kasuwar Shasha ta Badun ya koro a Fabrairun 2021 sun san darajar tarar da abin ci a gida. Saboda haka wanda zai aika da kuɗin gini bana, ya gaya wa magini ya bar masa sulusin filin ƙasa tsura. Allah ya maido kowa gida lafiya, amin.