Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Koke na kawo a kan abin da ya rage na mahaƙar kwal ta Iva Valley da ke Enugu. Ina roƙon hukumarka ta sa wurin cikin wuraren tarihin da doka ta kare, tun kafin ciyawa da tsatsa da masu sayen tsohon ƙarfe su gama rabon gado.

Za a ce me ya haɗa Bahaushe da ramin kwal a ƙasar Ibo. Jirgin ƙasa ne ya haɗa mu. Tun da aka fara haƙa a Udi a 1915, aka buɗe Iva Valley a 1917, kwal ɗin Enugu ne abincin jiragen da suka yi ta jan gyaɗa da auduga da fatu daga Arewa zuwa bakin teku. Dalar gyaɗar da muke tinƙaho da ita, da gumin leburorin ramin nan aka kwashe ta.

Akwai kuma jini a wurin. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, ma'aikata na yajin aikin jan ƙafa a kan albashi da haƙƙoƙinsu, Turawa suka tsorata kada nakiyar fasa dutse ta faɗa hannun masu fafutukar 'yanci. Suka turo 'yan sanda su kwashe ta. Aka buɗe wuta, mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni, ba wanda ke riƙe da bindiga a cikinsu. Kisan ya tayar da ƙura a Aba da Fatakwal da Onitsha, ya kuma ƙara wa neman mulkin kai wuta. An kafa wa mamatan mutum-mutumi a cikin garin Enugu, madalla, amma ai ba a nan suka faɗi ba.

Abin da ya kashe sana'ar haƙar kwal sananne ne: jirage suka koma shan dizal, man fetur ya samu, yaƙin basasa ya zo, ruwa ya cika ramuka.

Ba a dawo da haƙa nake nema ba. A shata iyakar wurin kada gine-gine su cinye shi, a kange bakin ramukan da ke da hatsari, a rubuta sunayen mamatan nan a jikin dutse a inda aka harbe su. A kuma tura ma'aikatanka su naɗi muryar tsofaffin da suka shiga ramin suka fito, domin 'yan kaɗan suka rage, kuma shekaru sun ja.

Allah ya taimake ka, ya yi jagora.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan ƙasa daga Kano