Zif Ba Ƙarfi Yake So Ba

Hunturu idan ya kama a Dutse ba ya barin kowa. Duwatsun da suka ba garin suna sai su dushe cikin hazo, leɓe ya tsage, diddige ya yi kaushi, ƙura ta shiga duk wata kafa. A irin wannan safiya ce zif ɗin rigar sanyin ɗana ya cije ana shirin makaranta. Na ja, ya ƙi. Na fizga, sai ya rufe ta sama ya dare ta ƙasa. Nan na tsaya ina tsine wa kayan zamani da masu yin su.

Ranar Litinin na kai rigar kasuwar Shuwarin wurin wani dattijo mai gyaran jakunkuna. Ya ɗaga ta a rana, ya hura, ƙura ta tashi. Ya ce, "Malam, rigar nan lafiyarta ƙalau. Haƙoranta ne ba ka taɓa wanke mata ba." Ya ɗauko tsohon buroshin goge baki ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya goga musu guntun kyandir, sannan ya matse kan zif ɗin da filaya, kaɗan, kamar mai tsoron fasa ƙwai. Ya ja da yatsu biyu, sai ga shi yana sulu.

Bayanin da ya yi min mai sauƙi ne. Kan zif shi ke haɗa haƙoran dama da na hagu su sarƙe. Yashi idan ya maƙale, kullum aka ja sai ya ci cikin kan kamar samfefa, har bakinsa ya buɗe ya kasa haɗa su. Mai gaggawa sai ya zuba man gyaɗa ko basilin, ya ji daɗi kwana biyu, man ya kama ƙura ya zama laka. Abin da zif ke so busasshe ne: kyandir, ko busasshen sabulu, ko bakin fensir idan haƙoran na ƙarfe ne. Kuma tsafta ce farko. Wanda ya shafa kan dauɗa ya binne cutar ne kawai.

Tun 1917 Gideon Sundback, injiniya ɗan Suwidin, ya yi rajistar zif irin na yau a Amurka. Kamfanin YKK, wanda harufansa ke jikin jakunkunanmu da yawa, tun 1934 yake wannan sana'a a Japan. Duk ƙwarewarsu ba su ƙera zif ɗin da zai jure sakacin mai shi ba.

To, a nan nake so mu yi wa kanmu adalci. Jakar ɗan makaranta, jakar da alhaji ya dawo da ita daga Makka, rigar sanyin mai gadi: nawa muka jefar alhali abin da ya lalace bai kai girman ɗan yatsa ba? Muna kukan tsadar rayuwa, muna kuma yin almubazzarancin da addini ya hana. Halin nan kuwa ba a zif ya tsaya ba. Haka muke wa famfon unguwa da injin ban ruwa: ba mai leƙa su sai ranar da suka tsaya, ranar kuma kowa ya zo da guduma. Haka wasunmu ke wa iyali. Shekara guda ba tambaya ba lallashi, ranar da yaro ya cije sai tsawa da bulala, daga baya a ce 'ya'yan yanzu ba su da tarbiyya.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Yanzu akwai guntun kyandir a aljihun jakar ɗana, kuma shi da kansa yake gogawa. Ranar nan na miƙa hannu zan ja masa zif, sai ya riƙe ni ya ce, "Baba, a hankali."