Saitin kamara da tsuntsayen tabkin Lasuri

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙasar Damagaram cikin watan Janairu, ya yi sammako zuwa bakin tabkin Lasuri, ya san abin da kunne ke fara ji tun ido bai ga komi ba: fito ne na kirinjijiya, garke bayan garke, suna dawowa daga kiwon dare. In gari ya waye sai a ga dinya da dani, ga zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an kafa shi, ga kuma ƙananan agwagi baƙi da suka ƙetaro Bahar Rum da hamada daga Turai don su ci ɗari a nan. Tabkin yana jahar Damagaram. A 2005 aka sa shi cikin jerin dausayi masu daraja a duniya, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, wadda Nijar ta shiga a 1987.

Yau kamara mai dogon gilashi, wanda masu hoto ke kira zum, ba baƙuwa ba ce a hannun ɗan kasuwa mai zuwa Kano ko Dubai, haka nan ma'aikacin gandun daji yakan samu ɗaya ta hanyar wani shirin raya karkara. To, a ɗauka Alhaji ya zuba jikkuna ɗari-ɗari ya sayi tasa, ya sha man mota har Lasuri, ya ɗauki hoto ɗari biyu. Da ya komo gida ya duba, sai ya tarar kowace ƙayar bagaruwa ta fito tangaran har ana iya ƙirga ta, tsuntsun kuwa da aka je dominsa yana can baya dishi-dishi kamar hayaƙi. Abin da zai fara faɗi shi ne an cuce shi a ciniki. Alhali kuwa ba wanda ya cuce shi. Kamara ta yi aikinta daidai, sai dai ba a gaya mata abin da ake nema ba.

Maharba suna da kalmar da ta dace da wannan magana, wato saiti. Gilashin kamara ba ya iya nuna na kusa da na nesa tar a lokaci guda, dole sai an matsa shi gaba ko baya har ya dace da nisan abin da ake so. A da da hannu ake murzawa. A 1977 kamfanin Konica na Japan ya fito da ƙaramar kamara mai yin wannan saiti da kanta, a 1985 Minolta ta sa dabarar cikin babbar kamara mai canza gilashi, daga nan sauran kamfanoni suka bi. Shi ne ake kira otofokis. Yadda yake aiki bai da nisa da yadda Allah ya yi idon ɗan Adam: kamara tana kwatanta hasken da ya shigo ta gefen dama na gilashi da wanda ya shigo ta hagu, bambancin da ke tsakaninsu ya shaida mata nisan abin da kuma inda za ta tura gilashin. Amma wannan awo yana bukatar iyaka, wato wurin da fari ya haɗu da baƙi ko haske ya haɗu da inuwa. In an bar ta da zaɓinta, takan kama abin da ya fi kusa ko wanda ya fi yawan iyakoki.

Nan ne Lasuri ke da wuya. Abin da ya sa tabkin ya yi suna shi ne itatuwansa, bagaruwa da giyayya da gawo, irin kurmin da ba kasafai ake samu ba a Sahel. Shi gawo ma, da yake halinsa ya saɓa wa na sauran itace, cikin rani yake cika da ganye, daidai lokacin da baƙin tsuntsaye ke nan. Ke nan tsakanin mai hoto da tsuntsu akwai reshe, akwai ƙaya, akwai ciyawar ruwa, kuma kowane ɗaya ya fi gashin tsuntsu iyakoki. Maganin abin shi ne a ƙwace zaɓi daga hannun na'ura. Cikin jerin umurnin kowace kamara akwai inda ake rage wuraren awo su koma ɗigo ɗaya tal. Mai hoto ya zura ɗigon nan ta tsakanin rassa, ya ɗora shi bisa idon tsuntsu, ko inda baki ya haɗu da fuska. Wannan ya fi muhimmanci ga farin tsuntsu irin balbela, domin in aka ɗora ɗigo a kan ƙirjinta, kamara ba ta ganin komi sai fari fat, sai ta yi ta kai da kawo ba ta tsaya ba. Sai tsuntsu ya tashi sama, bayansa ba komi sai sarari, sannan ake buɗe wurin awo ya yi faɗi, don ba hannun da ke iya riƙe ɗigo ɗaya a kan agwagwa mai gudu.

Akwai kuma maganar tsayuwa da tafiya. Kamara daga kanti takan zo a kan saitin da ke auna nisa sau ɗaya ya kulle, wanda Nikon da Sony ke rubutawa AF-S, Canon kuma One Shot. Wannan ya isa hoton biki da na katin ɗan ƙasa, inda mutum ke tsayawa cik. Na daji yana bukatar ɗayan, mai bin abu yana ta sake awo, AF-C ko Servo. Lissafi kaɗan zai nuna dalili. Gilashi mai milimita 400 da aka buɗe a f/5.6, in tsuntsu yana nisan mita 10, tazarar da ke fitowa tar ba ta wuce santimita 20 ba, kimanin taki guda na hannu. Agwagwar da ke tahowa da gudun kilomita 60 a awa tana ratsa takin nan cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Kafin yatsa ya gama latsawa ta fita daga inda aka auna ta.

Gwanayen wannan aiki suna da wata dabara wadda da farko takan dami hannu, amma wanda ya saba ba ya komawa. A yadda aka saba, maɓallin ɗauka shi ne na saiti: a latsa rabi ta auna, a ƙarasa ta ɗauka. Su kuwa sai su raba aikin biyu, su mai da saiti ga maɓallin baya mai alamar AF-ON, inda babban yatsa ke hutawa. Amfanin haka a bakin Lasuri a fili yake. Ga zalɓe yana daƙon kifi bayan ciyawa: a auna shi sau ɗaya, a ɗage babban yatsa, saiti ya tsaya nan ko iska ta kaɗa ciyawa ta gabansa, a yi ta jira har ya kai sara. In ya tashi, a danne maɓallin, kamara ta bi shi. Haka kuma manyan kamarori suna da wurin da ake gaya musu ko su yi saurin sakin abin da suke bi ko su nace masa. A kurmi nacewa ta fi, don kada reshen da ya gilma ya ɗauke mata hankali. Jikin dogon gilashi kuma sau da yawa akwai ɗan makunni mai hana shi neman abin da ke kusa ƙwarai. Mutane da dama har su sayar da gilashin ba su taɓa shi ba, alhali yana rage ɓata lokaci sosai.

Mai karatu zai ce ai an ji sababbin kamarori sun san tsuntsu da kansu. Gaskiya ne. Tun 2019 Sony ta sa wa nata gane idon dabba, a 2020 Canon ta fito da R5 mai gane idon tsuntsu, a 2021 Nikon ta kawo Z9. An horar da su ne da ɗimbin hotuna har suka riƙe siffar kai da ido, kuma a buɗaɗɗen ruwa aikinsu abin mamaki ne. Sai dai cikin garken kirinjijiya ɗari sukan yi ta tsalle daga wannan kai zuwa wancan, cikin ƙaya kuma sukan rikice. Mai irin wannan kamara ya kyautu ya ajiye wani maɓalli da zai komar da shi ɗigo ɗaya nan take. Mai wayar hannu kuwa, iyakarsa ya taɓa tsuntsun a fuskar waya ya riƙe har saiti ya kulle, ya kuma san cewa jawo hoto da yatsu a yawancin wayoyi yanka ne kawai, ba ya ƙara komi.

Abin da takardar kamara ba ta faɗi, da yake ba a Damagaram aka rubuta ta ba, shi ne hazo. Ƙurar hunturu tana shafe iyakokin da otofokis ke nema, musamman in abin yana nesa, sai a ji gilashi yana gurnani gaba da baya. Da rana ta take kuma ga kawalwalniya: iskar da ke tashi daga yashi mai zafi tana lanƙwasa haske, hoto ya fito kamar an jiƙa shi. Wannan ba kuɗin da ke maganinsa, tsadar gilashi ma ƙara bayyana shi take yi. Abin yi shi ne sammako da yamma liƙis, rana a bayan mai hoto, a kuma rage nisa ta hanyar zama wuri ɗaya har tsuntsaye su manta da mutum. Canza gilashi cikin iska kuwa kuskure ne, domin ƙurar da ta shiga ciki sai mai gyara.

Ba kowane dishi-dishi ne laifin saiti ba. In duk hoton ya gauraye, ba inda ya fito tar, to saurin ɗauka ne ya yi kaɗan. Tsuntsu mai tashi yana son kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, ƙanana masu saurin fiffike ma bisa 2000.

Wani zai ce duk wannan wasan masu kuɗi ne. Ma'aikacin gandun daji ba zai ce haka ba. Kowace shekara a tsakiyar Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, aikin da aka fara a 1967, Afirka ta shiga sosai daga 1991. Mai ƙidaya da ke gaban dubban agwagi ba ya iya rarrabe su duka da ido kafin su tashi, amma hoto mai kyau ana iya zama a ofis a ƙirga shi kai bayan kai, a bambanta wannan iri da wancan, wani lokaci har a karanta lambar zoben da aka sa wa tsuntsu a ƙafa a wata ƙasa. Nijar ta riga ta ga amfanin irin wannan shaida a wani wuri. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, da hoto ake ƙidayar su, domin zanen jikin kowane ɗaya dabam yake kamar zanen yatsa, kuma ta haka aka bi yadda suka tashi daga kimanin 50 a 1996 zuwa ɗaruruwa. Lasuri kuwa yana fama da yashi mai cike shi, da gatari mai cin bagaruwarsa, da yawan dabbobi a bakinsa. Ranar da za a zauna a Damagaram ana gardamar ko tsuntsaye sun ragu ko ba su ragu ba, hoton da aka rubuta wa rana da wuri, aka kuma ga tsuntsun cikinsa sarai, shi za a iya ɗorawa bisa tebur. Hoton ƙaya ba ya shiga rahoto.

Koyon abin kuwa ba ya bukatar a jira Janairu. Balbela tana bin shanu a bayan kowane gari. Shirwa tana shawagi bisa mahauta kullum, ba malamin da ya fi ta koyar da bin abu mai tashi. Da faɗuwar damina shamuwa za ta komo daga kudu ta yi sheƙa a itatuwan tsakar gari, tana kai da kawo da kara a baki ta hanya ɗaya, har mai koyo ya iya sanin inda za ta ɓullo. Wanda ya horar da babban yatsansa a kan waɗannan, in ya isa Lasuri sai ya fara gaida mai gari, ya nemi iznin masu garka da masunta kafin ya ratsa wurinsu, kada kuma ya sa yara su yi jifa don garke ya tashi, domin agwagwar da ta taho daga Turai tana tara ƙarfin komawa ne cikin Maris. Ya samu gindin giyayya ya zauna tun da duhu, da batir biyu cike, da rawani a lulluɓe bisa gilashi saboda ƙura.